Tururin Carpathia

Da asubar nan wani tsohon jirgin ruwa ne ya faɗo mini a rai, Carpathia. Tun 1903 kamfanin Cunard ya sa shi aiki, galibi jigilar talakawa masu ƙaura daga Hungary, ya kwaso su a tashar Fiume ya sauke su New York. Shekara tara yana kai da komo, ba wanda ya taɓa yi masa kirari.

Tsakar daren 15 ga Afrilu 1912, ma'aikacin rediyon jirgin, Harold Cottam, ya fara kwance igiyar takalmi zai kwanta, amma na'urar sauraro tana kunnensa. Ya kira jirgin Titanic don ya shaida musu akwai saƙonninsu da ke jira, sai amsa ta zo cewa sun yi karo da dutsen ƙanƙara, a kawo ɗauki.

Mil 58 ne tsakaninsu. Kyaftin Arthur Rostron ya juya akalar jirgi, ya sa a tanadi barguna da abin sha mai zafi, a tashi likitoci. Sannan ya ce a rufe tururin da ke ɗumama ɗakuna da ruwan wanka, duk a tura wa inji. Fasinjoji suka farka suna rawar ɗari, ba su san dalili ba. Bayan ya gama ba da umarni ne wani mataimakinsa ya hango shi ya ɗaga hula, leɓɓansa na motsi, yana addu'a. Wajen ƙarfe 4 suka isa. Titanic ya riga ya nutse, amma sun kwashe mutum sama da 700 daga kwale-kwalen ceto.

Shi ma Carpathia teku ce ta ci shi: a Yulin 1918 jirgin yaƙin Jamus na ƙarƙashin ruwa ya nutsar da shi kusa da Ireland.

Tururin nan ne ya tsaya mini a wuya. Watanni ke nan ina roƙa wa wata gwauruwa a layinmu sauƙi, kullum safiya, da zuciya ɗaya kuwa. Amma ban rage ko cokali ɗaya na jin daɗina ba, alhali tukunyar tururin ɗaya ce, abin da ya tafi ɗakina bai isa ƙofarta ba.

Ya Ubangiji, ka bar kunnena a buɗe ko na gaji. Ka nuna mini bututun da zan rufe yau, kafin in fita kasuwa.