Ta'aziri da Gyaran Hali a Hukuncin Mallakar Miyagun Ƙwayoyi

Daga cikin rabe-raben uƙuba da malaman fiƙihu suka yi akwai guda biyu: haddi, wato hukuncin da shari'a ta ƙayyade adadinsa ba ragi ba ƙari, da ta'aziri, wato horon da aka bar wa alƙali ya auna gwargwadon laifin da halin wanda ya aikata shi. Shan giya yana cikin kashin farko, inda Malikiyya suka tsaya a kan bulala 80, amma da tabar wiwi ta yaɗu a Masar da Sham a ƙarni na 13, sai saɓani ya taso. Ibn Taimiyya ya ga a tsayar wa mai shanta haddi kamar mashayin giya, shi kuwa Alƙarafi, malamin Malikiyya da ya rasu a 1285, ya rarrabe a littafinsa Al-Furuƙ tsakanin abin da ke bugarwa tare da sanya nishaɗi da abin da ke gurɓata hankali kawai, ya sanya wiwi a kashi na biyu, ya ce hukuncinta ta'aziri ne.

Wannan rarrabewa tana da nauyi, domin ta'aziri ladabtarwa ce da ake nufin gyara da ita, saboda haka ma'auninta shi ne ko mutumin ya shiryu. Amma a Najeriya, dokar da ta kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA a 1989 ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da ƙwaya ko yana shan ta, ko da yake kotuna kan sassauta a aikace. Rahoton 2018 na binciken da aka gudanar da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun sha ƙwaya a cikin shekara guda, adadin da babu kurkukun da zai ɗauka. Matashin da aka kama da ƙwayar tiramol a aljihu ko kwalbar kodin a ƙarƙashin kujerar babur, idan aka haɗa shi ɗaki ɗaya da dillalai da 'yan fashi, da wuya ya fito ba tare da ya ƙara gogewa a ɓarna ba.

Sai dai gyara ma yana da nasa haɗarin, domin ɗauri yana da ranar ƙarewa, alhali wanda aka tsare "har sai ya gyaru" yana hannun mai tsaronsa ne, shi ke yanke lokacin da gyaran ya cika. Gidajen mari, inda iyaye kan kai 'ya'yan da shaye-shaye ya fi ƙarfinsu, sun nuna haka: a watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fitar da mutane kimanin 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, wasunsu da mari a ƙafa, kuma babu kotun da ta yanke musu wa'adi. Kyakkyawar niyyar iyaye ba ta halatta tsarewar da ba ta da alƙali, ba ta da iyaka.

Ƙasar Fotugal ta bi wata hanya tun 2001, inda wanda aka samu da abin da bai wuce shan kwana 10 ba ake tura shi gaban kwamitin mutum uku, masanin doka tare da ma'aikatan lafiya ko na jin daɗin jama'a, yayin da dillali ke fuskantar kotu kamar da. Kwamitin yana iya sanya tara ko ya dakatar da ita idan mutumin ya amince da magani, amma ba shi da ikon ɗaure kowa, kuma ba ya tilasta wa kowa kwanciya a asibiti.