Wa zai shaidi magini?

Ɗan'uwa mai karatu, in ka tashi yin ɗaki kana neman magini. Sai mutum biyu suka zo maka. Na farko yana riƙe da takardar lakkwal mai hatimi. Na biyu ba shi da takarda, amma ya yi shekara goma sha biyar yana gini. Wanne za ka ba aikinka? Tambayar tana da nauyi, don ƙarƙashin rufin nan iyalinka za su kwana in damana ta faɗi.

Shaidun magini uku ne: ubangidan da ya koya masa, takarda, da aikin hannunsa. Mu duba su ɗaya bayan ɗaya.

Shaida ta farko ita ce ta ubangida. Tun kaka da kakanni, yaro yana fara gini da ɗaukar ruwa da kwaɓa ƙasa. Daga nan ya koyi yin tubali, ya koyi jefa shi sama ga mai gini. Sai ya jima kafin a bar shi ya hau katanga. Ɗora azara da ɗaurin guga kuwa sai a ƙarshe. A manyan birane kamar Damagaram da Kano akwai sarautar Sarkin Magina, mai kula da masu sana'ar. Wannan hanya tana da kyau, don ubangida ya ga yaron rani da damana, ya san hannunsa, ya san halinsa. Amma tana da aibi. Wani ubangida yakan riƙe yaro ya ƙi sallamarsa, don yana cin moriyar ƙarfinsa. Wani kuma yakan yabi ɗansa na cikinsa ko da hannunsa bai nuna ba.

Shaida ta biyu ita ce takarda. A lakkwal ta sana'a ana koyon lissafi da awo da karanta zanen gida, a yi jarrabawa, a ba mutum takarda irin wadda ake kira CAP. Amfaninta shi ne tana tafiya. Mutumin Tasawa da ya je neman aiki Yamai, ba wanda ya san ubangidansa, amma kowa na iya duba takarda. Aibinta kuwa, jarrabawar ƴan kwanaki ba ta nuna abin da mutum zai yi ranar da mai gida ya tafi kasuwa ya bar shi da buhun siminti.

Shaida ta uku ita ce aikin kansa. A garin Yama, cikin ƙasar Tawa, wani manomi kuma magini mai suna Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962. Daga 1975 zuwa 1982 ya sake rufin, ya ɗora hasumiya huɗu. A 1986 ginin ya samu kyautar Aga Khan, wadda ake ba gine-gine na ƙwarai na duniya. Masu ba da kyautar nan sukan aiki masani ya je ya duba gini da idonsa kafin su yanke shawara. Gani ya kori ji. Sai dai wannan shaida tana da jinkiri. Katanga ba ta faɗin gaskiyarta ranar da aka gama ta, sai ta sha damana biyu ko uku. Mai neman magini yau ba ya iya jira.

Saboda haka wasu ƙasashe suka nemi haɗa shaidun ukun wuri ɗaya. A Ingila, a 1986, an kafa hukuma mai tsara takardun sana'a da ake kira NVQ. Ga yadda ake yi wa magini. Wani gwani da aka horar a kan aikin dubawa yakan same shi a wurin aikinsa. Ya tsaya ya ga yadda yake jera bulo, yadda yake awo, yadda yake kiyaye kansa da abokan aikinsa daga hatsari. Ya yi masa tambayoyi da baki. Ya tara hotunan ayyukansa da shaidar shugabansa. Bayan haka wani mutum dabam ya sake bin hukuncin mai dubawa, don kada son rai ya shiga. Hukuncin iri biyu ne kawai: ya iya, ko bai iya ba tukuna. A Faransa kuma, dokar 2002 ta ba mutum dama ya kai shaidar aikin da ya yi gaban alƙalai, cikinsu har da masu sana'ar, su ba shi takarda ko da bai zauna aji ba.

Me mai dubawa zai duba? Abubuwan da kai ma kana iya dubawa. Ko katanga ta miƙe, igiya mai nauyi a ƙarshenta za ta nuna. Ko kusurwa ta yi daidai, a auna santimita 60 a gefe ɗaya, 80 a ɗaya gefen. In tsakaninsu ya ba da 100, ta yi. A ginin ƙasa, a duba ko gindin katanga ya fi samanta kauri, ko an bar kowane ɗori ya sha iska kafin a ƙara wani, ko indararo yana jefa ruwa nesa da gindin gini. A ginin siminti, a duba ko ana ba bulo ruwa har kwana bakwai, ko an rage siminti an cika rairayi.

Yanzu ga inda maganar ta yi wuya. A ce kai ne mai dubawa. Wanda ke gabanka talaka ne, yana da mata da ƴaƴa, takardar nan za ta buɗe masa ƙofar aiki. Amma katangarsa ta karkace. Zuciyarka za ta ce ka ji tausayinsa. Ni kuwa ina ganin akwai wasu da suka fi cancantar tausayi, su ne waɗanda za su kwana cikin ɗakin da zai gina baɗi. Ba su nan ranar jarrabawa, ba su da bakin magana, kai ne wakilinsu. Wanda ya sa hannu a kan ƙarya, in rufi ya rufta yana da kaso cikin alhakin. Tausayi na gaskiya shi ne kalmar nan “tukuna”. Ka nuna masa inda ya kasa, ka sa masa ranar da za ka komo. Ta haka ka tsare mutane, shi kuma ka bar masa hanya.

Akwai wani zaluncin da ke ɗaya gefen. Shi ne a kayar da gwani don bai iya rubuta faransanci ba. In gini ake aunawa, to a auna gini. A tambaye shi da hausa, ya amsa da hausa, ya nuna da hannunsa. Haka nan bai kamata kuɗin jarrabawa ya yi yawan da zai kori talaka ba, ko mai dubawa ya karɓi goro daga wanda yake dubawa.

Duk da haka, kai magini mai zuwa karatun manya, kada ka ce karatu bai dame ka ba. Wanda ya iya karanta mita, ya iya lissafin bulo da buhu, ya iya rubuta jinga a takarda, da wuya a cuce shi, kuma shi ma ba zai cuci wani bisa kuskure ba.

Kai kuma mai ba da aiki, in an nuna maka takarda ka karanta ta da kyau, sannan ka ce a kai ka ga ɗakin da mutumin ya gina shekara uku da suka wuce. Ka tambayi masu kwana ciki.

Ku tattauna wannan a wurin karatunku: a garinku, wa ke cewa yaro ya zama magini? In ya yi kuskure, wa ke gyara masa?