Alhakin Tsohuwar Mota

Duk ranar da labari ya iso tasha cewa wata a-kori-kura ta kife da 'yan kasuwa, sai gardama ta tashi. Wasu su ce ajali ne, abin da aka rubuta ba ya kankaruwa. Wasu su ce a'a, birkin motar ya daɗe yana kuka, mai ita ya toshe kunne. A kan yi ta ja har a watse, kowa na riƙe da nasa. Amma abin da ya kamata a bincika shi ne wannan: mutumin da ya ƙi kashe kuɗi a kan motar da ba ta lalace ba tukuna, ya yi laifi tun ranar da ya ƙi, ko kuwa sai ranar da ɓarna ta auku?

Motocin da a ke magana a kansu ba baƙi ba ne. Kamfanin Peugeot ya soma haɗa motoci a Kaduna a 1975, Toyota kuma ta fitar da Hilux ta farko a Japan a 1968. Irin waɗannan motoci su kan ci kilomita dubu ɗari uku ko fiye suna jigilar buhuna, da awaki, da mutane a bisa kaya. Juriyar nan tasu kuwa ita ke ruɗin masu su. Motar da ta tashi jiya ta tashi yau, wa zai ce ba za ta tashi gobe ba?

To, ƙarfe ba ya faɗin ciwonsa da wuri. Baƙin mai ya kan gaji, shi ya sa a ke juye shi wajen kowace kilomita 5,000 in hanya mai ƙura ce. Ƙurar hunturu ta kan toshe matatar iska har inji ya riƙa shan mai fiye da kima. Wasu injunan dizal suna da bel a ciki wanda a ke sakewa bayan kilomita 100,000 ko 150,000, gwargwadon irin injin, ko da ido bai ga aibinsa ba. In ya tsinke ana cikin tafiya, injin ya kan daddage kansa. Amma man birki ya fi su duka ɓoye hali. Shi ya kan tsotsi laimar iska a hankali, shekara da shekaru, ba alama. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya birki na kamawa sarai. Sai ranar da mota ta ɗauko kaya ta biyo doguwar gangara irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos, direba na ta taka birki, zafi ya hau, ruwan da ke cikin man ya tafasa ya zama tururi. Tururi kuwa matsuwa ya ke yi, ba ya tura komai. Direba ya taka, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Domin haka ne a ke sake man nan wajen shekara biyu-biyu, kuɗinsa kuwa bai kai na taya ɗaya ba.

Mai mota yana da hujjarsa, kuma ba ta banza ba ce. Ribar jigila kaɗan ce. Yinin da mota ta yi a gareji yini ne da ba a shigo da ko kwabo ba. Bugu da ƙari, mai rigakafi ba shi da shaida. Wanda ya ciro mutane daga motar da ta kife, gari duka ya san sunansa. Wanda ya sake man birki har motar ba ta kife ba, ba mai ce masa sannu, shi kansa ma ba zai taɓa sanin ko kuɗin nan ya ceci rai ba.

Duk da haka, a ɗauki mutum biyu, kowanne da tsohuwar mota, kowanne bakanike ya faɗa masa birki na son aiki, kowanne ya ce sai bayan kaka. Ta ɗaya ta sauka lafiya, ta ɗayan ta kashe mutum huɗu. Jama'a za su tsine wa na biyu, su ci gaba da gaisawa da na farko. Alhali kuwa abin da su biyun suka aikata ɗaya ne, ba bambancin ƙwayar zarra. Abin da ya raba su ba daga hannunsu ya fito ba. In har akwai laifi, lalle tun a bakin gareji aka yi shi, ranar da aka ce sai bayan kaka, kuma su biyu suka yi shi.

Dalili kuwa shi ne, ba ransa kaɗai mai mota ya jingina ba. Tsohuwar da ta hau da ƙwaryar nononta ba ta san man birki ba, ba ta kuwa da ikon leƙa ƙarƙashin mota. Da ta miƙa kuɗin mota, ta miƙa amana ke nan ga wanda ya sani. Direba ma yana da rabonsa, gama shi ke jin sitiyari na rawa a hannunsa, ko da ya ke tsoron rasa aiki ya kan ɗaure masa baki. Batun ajali kuwa, ba mai musun sa. Sai dai wanda ke kawo shi a nan, shi ne kuma ke kulle motar da dare ya sa makulli ƙarƙashin matashi, bai bar ta ga ƙaddara ba.

Ba a ce talaka ya mai da tsohuwa sabuwa ba. Fentin da ya koɗe, da ƙofar da a ke ɗaurewa da igiya daga gefen kaya, da injin da ke cin mai, waɗannan hasararsu a aljihunsa ta ke, yana da ikon jinkirta su. Birki, da taya, da sitiyari, da fitila, su ne waɗanda ɓarnarsu ke faɗawa a kan wasu. Taya ma tana ɗauke da shekarunta a gefenta: lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, watau 2315 na nufin mako na 23 na 2015. Da yawa daga cikin tayoyin gwanjo sun tsufa tun kafin su iso, ko da zanensu bai goge ba. Mai motar da ya karanta lambar nan, ya ga kuɗin sabuwar taya babu, ga kuma iyali na jiran cefane, gobe ranar kasuwa, shi ke da makulli a hannu da asuba.