Daga Masaƙa Zuwa Ɗakin Gashi

Tun da aka rufe masaƙar KTL ta Kakuri cikin 2002, ta UNTL ta bi baya cikin 2007, gidaje da yawa suka shiga halin ƙaƙa-nika-yi. Amma wanda ya yi niyyar komawa makaranta don koyon aikin gashin ƙashi, sai a ce masa ai girma ya zo. Wannan magana ba ta da madogara. Imamu Abu Hanifa, Allah Ya jiƙansa, cinikin tufafi yake yi a Kufa kafin ya duƙufa ga neman ilmi. Imamu Gazali kuwa ya lissafa likitanci cikin farillan kifaya, watau idan gari ya rasa mai yinsa, laifin ya hau kan kowa.

Al'amarin ya fi tsanani ga mata. Sau da yawa dattijuwa mai shanyewar ɓarin jiki takan ƙi zuwa asibiti don kada namiji ya taɓa ta, har gaɓoɓinta su sandare, alwala ta gagare ta. Lalle shari'a ta yi rangwame wajen lalura, amma da 'yar'uwarta mace ce za ta gasa ta, da ba ta ƙi ba. Jami'ar Bayero ta Kano tana koyar da wannan fanni ga maza da mata.