Idan Inna ta danna, wa zai zo?



Watannin baya mahaifiyata ta zame a bayi a gidanmu na Tsafe, ta fita yin alwala kafin asuba. Tana nan kwance a ƙasa har aka sallame salla, sannan matar maƙwabci ta ji nishinta ta katanga. A daidai lokacin ni ina Gusau ina jan mutane salla. Alhamdu lillahi ba karaya, amma har yau idan na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Ƙanena ya kawo shawarar mu saya mata na'urar nan da ake rataya wa tsofaffi a wuya, mai maɓalli ɗaya. Ana sa mata layin waya, idan an danna ta kira lambobin da aka ajiye, wasu ma suna gane faɗuwar mutum su yi kiran da kansu. Na yi murna, har na fara tambayar farashi. Sai ƙanwarmu da ke aure a Bunguɗu ta ce, "Yaya Malam, in ta danna, wa zai zo?"

Na yi shiru. A Ingila ko Amurka kiran yakan faɗa wani ofishi da ba a rufewa dare da rana, su turo motar asibiti. A wurinmu wayata zai faɗo, ƙarfe uku na dare, alhali kowa ya san hanyar Gusau zuwa Tsafe ba ta biyuwa a wannan lokacin. Kuma ba mu manta watan Satumba na 2021 ba, da aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya saboda 'yan bindiga. Gusau ta yi kusan wata guda babu kira, sauran garuruwa suka fi haka daɗewa. Ga matsalar caji in babu wuta.

Amma ba wannan ya fi damuna ba. Da na bincike zuciyata sai na ga barcina nake son saya, ba lafiyar Inna ba. Ina so in ce na yi wani abu. Ayar Suratul Isra'i da ta yi maganar tsufan iyaye, wadda na sha karantarwa, ta siffanta su ne suna tare da ɗansu. To ni ga inda nake. Malamai sun ce abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne, don haka sayen na'ura ba laifi, riƙo da sababi ne. Sai dai ba ta ɗaga tsohuwa daga ƙasa.

Daga ƙarshe ƙararrawar ƙofa mara waya muka saya, mai batir, ba ruwanta da layi. Maɓallin a wuyan Inna, mai ƙarar a ɗakin matar maƙwabci. Mun gwada daga bayi, daga madafa, daga zaure, don katanga tana rage nisanta. Muka haɗa da ƙaramar waya mai riƙe caji. Kafin haka sai da na je na zauna gaban maƙwabcin nan na roƙe shi, mutumin da rabona da shiga zaurensa tun rasuwar Baba. Kunya ta kama ni wallahi. Shi kuwa cewa ya yi, "Haba Malam, Hajiya ai uwata ce."

Inna ta jujjuya maɓallin ta ce, "Wanga ba laya ba ce? Kai da ka hana mu?" Na ce ba ya tsare komai, kira kawai yake yi. Ta karɓa, amma ta ce ita ba ta tada mutane daga barci a kan ɗan jiri. Wannan maganar har yanzu muna kai. Jikarta ta koma kwana ɗakinta, ni kuma duk Asabar ina Tsafe, in canja batir in an buƙata, in danna mu ji ko ta yi ƙara.