Shin Rashin Turanci Daƙiƙanci Ne?



Yaro ya zauna a aji shiru, malami na magana, shi kuwa sai ido. Wane hukunci ya dace a yanke masa? Mu a ganinmu, adalci shi ne kada a yanke masa ko wane hukunci sai an binciki dalilin shirunsa.

Bari mu duba yadda ake yi a Amurka, inda 'yan'uwanmu da dama, musamman daga Nijar, suka yada zango a birnin Greensboro na jihar Karolina ta Arewa. Makarantun birnin da na ƙananan garuruwan gefensa, irin su Pleasant Garden, duk suna ƙarƙashin hukumar ilimi ta gundumar Guilford. A 2007 hukumar ta buɗe makarantar Doris Henderson domin 'ya'yan baƙi da 'yan gudun hijira. Yaro yakan yi kimanin shekara guda yana koyon Turanci tare da sauran darussa, sannan ya koma makarantar unguwarsu.

Wannan gata ba a sama aka tsince shi ba. A 1970 aka kai ƙara a Kalifoniya saboda wasu yara 'yan asalin Meksiko da aka jarraba da Turanci, aka tura su ajin masu raunin ƙwaƙwalwa. Da aka sake jarraba su da Sifaniyanci, sai akasarinsu suka fita daga wannan sahu. A 1974 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci kan yaran Sinawa wajen 1,800 a San Francisco, cewa ba yara littafi ɗaya da malami ɗaya bai zama daidaito ba muddin wasunsu ba su jin harshen. Dokar ilimin yara masu naƙasa, wadda ta faro a 1975, a yau ta wajabta a gwada yaro da harshen da ya fi ji, kuma ta hana a mai da rashin Turanci hujjar cewa yana da naƙasa.

Zalunci na farko ke nan: a kira mai lafiya daƙiƙi don bakinsa bai buɗe da harshen wasu ba.

Akwai na biyu, kuma shi a gidajenmu yake. Wani yaron da gaske kunnensa ke da nauyi, ko haruffa ke rikice masa. Makaranta ta nemi izinin gwada shi kyauta, har da tafinta, sai uba ya ƙi sa hannu, yana cewa Turanci ne bai kama ba tukuna. Kunyar bakin mutane ce, kuma yaron ke biyan kuɗinta da shekarunsa. Alamar ba ta ɓuya: wanda Turanci kaɗai ya dame shi, a gida za ka ji Hausa raɗau a bakinsa, wanda ko da Hausa yake fama, taimako na musamman yake bukata. Ina abin kunya a nan? Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, amma ya yi ladanci a Madina.

Kada mu ce wannan matsalar masu ƙetare ce. A Nima, da Sabon Zango, da zangon Kumasi, ƙannenmu na tashi da Hausa su tarar da Turanci a aji, ga shi Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnatin Gana ta ɗauka a makarantu. Nawa aka yi wa laƙabi da daƙiƙai har suka watsar da boko?

Saboda haka, mu da muka ji harsunan biyu, mu raka iyayenmu wurin malamai mu yi masu tafinta, mu zauna da ƙannenmu bayan magariba mu gano inda ta ke yi masu ciwo. Yaro amana ne, kuma za a tambaye mu.

Allah Ya sa mu dace, amin.