Leƙen Gidan Mutane Daga Sama

Jiya bayan Isha'i wani ɗalibina ya buɗe mini Google Maps a wayarsa, yana jawo hoton tauraron ɗan Adam har muka ga Batsari, Ruma da bakin dajin Rugu. Sai ya ce, "Malam, ga gidanka nan." Wallahi sai da gabana ya faɗi. Tsakar gidan da na zagaye da katanga saboda iyali, ga ta a fili, har da turken shanu.

Na san hoton tsoho ne, ba kai tsaye ba. To amma ƙofa da lungu suna nan inda suke.

A Suratun Nur aya ta 27 Allah Ya hana shiga gidan wani sai da izini, hadisin Sahlu bn Sa'ad a Bukhari kuma ya nuna saboda ido aka shar'anta neman izinin. Neman hanyar Safana a taswira halal ne. Amma ka zagaye gidan wani Alhaji a Runka da jan layi, ka watsa a WhatsApp wai "ku ga dukiya"? A yankin da infoma ke kai wa 'yan bindiga rahoto? In aka ɗauke shi, da hannunka a ciki.

Wanda ya tura irin wannan, ya goge yau, ya je ya faɗa wa mai gidan.